Siginar gaba bayan an sauya kan babur: wacce za a ɗaura, kuma a ina?

Mutum kan sauya kan babur ɗinsa saboda dalilai iri-iri. Wani faɗuwa ya yi ƙarfen ya lanƙwashe, wani bayansa ke ciwo yana neman kai mai tsayi da zai bar shi ya zauna a miƙe, wani kuwa gajeren kai yake so domin ya riƙa kutsawa tsakanin motoci da Keke Napep a cunkoson Sabon Garin Zariya. Abin da ba a cika tunawa da shi ba sai an ɗaure noti na ƙarshe shi ne siginar gaba. A wasu babura sigina a jikin kan take, ko a cikin robar da ta lulluɓe shi kamar yadda ake gani a waɗanda muke kira roba-roba, saboda haka da an cire tsohon kai ta tafi tare da shi. A wasu kuma, irin su Bajaj Boxer, tana maƙale ne a gefen babbar fitila, amma sabon kan da ya sauko ƙasa ko ya matso gaba yana iya sa hannun birki ya riƙa gugarta, ko kuma wayoyin kuloci da na totur su gitta ta gabanta su kare ta.

Ni ma na shiga wannan hali lokacin da na sa wa nawa babur ɗin kai mai faɗi. Na sayi wasu ƙananan sigina masu baƙin murfi, na ɗaura su dab da babbar fitila, kuma da daddare a ƙofar gida haskensu ya gamsar da ni. Bayan kwana uku, da tsakar rana, na zo zan karya hagu a wata mahaɗa kusa da Kwangila, sai wata mota da ke tahowa ta gabana ta ci birki har tayoyinta suka yi ƙara. Direban, dattijo ne, ya leƙo ya ce, "Malam, wallahi ban ga siginarka ba." Na sauka na duba, sigina tana kamawa lafiya lau, amma da na matsa baya taku ashirin na kalle ta a cikin ranar nan, sai na ga gaskiyarsa. Tun daga ranar na daina auna sigina da kyan da take yi wa babur, na koma auna ta da idon mutumin da ke tahowa ta gabana, domin shi aka yi wa ita.

Wannan batu ya fi nauyi ga siginar gaba saboda yadda muke tuƙi. Tun shekarar 1972 Najeriya ta koma bin hannun dama, ke nan duk wanda zai karya hagu sai ya ratsa ta gaban masu tahowa, kuma babu abin da ke gaya musu niyyarsa illa wannan ƙaramar fitila. Shi ya sa nake ganin tambayar farko ita ce inda za a ɗaura sigina, sannan daga baya a yi maganar wace iri za a saya. Ƙa'idojin da kamfanonin babura ke bi suna taimakawa a nan. Ƙa'idar da ake aiki da ita a Turai ta ce kada tazarar da ke tsakanin siginar dama da ta hagu a gaba ta gaza milimita 240, kuma tsayinsu daga ƙasa ya kasance tsakanin milimita 350 da 1,200. Ta Amurka ta fi neman faɗi, domin inci 16 take buƙata daga tsakiyar ɗaya zuwa tsakiyar ɗayar, wato kusan santimita 40. Dukansu ruwan lemo suka amince da shi a gaba, kuma dukansu suna son sigina ta kifta sau 60 zuwa 120 a minti ɗaya. Hikimar tazarar a fili take: idan fitilun biyu sun matse kusa da babbar fitila, wanda ke nesa yana iya ganin wani abu na kiftawa amma ya kasa tantance ko dama ce ko hagu, kuma da dare hasken babbar fitilar yakan haɗiye na siginar gaba ɗaya.

Hanya ta farko, wadda na fi karkata gare ta, ita ce a riƙe siginar asali, ko wata mai kama da ita, a mayar da ita kan ƙarfen da ke riƙe da babbar fitila, ko a yi mata ɗan ƙarfen mariƙi da zai sauko da ita ƙasa kaɗan daga inda sabon kan yake wucewa. Amfanin wannan yana da yawa. Murfinta babba ne, an ƙera shi ya watsa haske gaba da gefe, ƙwanta ana samunsa a kowane shagon kayan babur daga Tudun Wada har Samaru, kuma wayoyinta ba sa buƙatar ƙari mai tsawo tunda yawancin mahaɗan wayoyin gaba a bayan babbar fitila suke. Tana juyawa tare da kai, ba ta hana hannu sakewa, kuma filashar da ta zo da babur, wato ɗan akwatin da ke sa sigina kiftawa, tana ci gaba da aikinta ba tare da an taɓa ta ba. Aibinta guda shi ne tana fitowa waje, saboda haka ita ce ke fara karyewa idan babur ya kife ko aka jera shi cikin wasu a wurin ajiya na kasuwa. Maganin wannan shi ne a nemi mai wuyan roba da ke lanƙwasawa ya dawo, a guji mai wuyan busasshiyar roba ko na ƙarfe, domin na ƙarfen idan bai karye ba sai ya lanƙwasa mariƙin da ke ƙarƙashinsa. A kuma lura da kaurin ƙusar da ke gindinta, domin galibi milimita 8 ne ko 10, kuma idan ramin ya fi ƙusar faɗi sai an sa washa, in ba haka ba girgizar hanya za ta sunkuyar da ita ta koma haska taya.

Hanya ta biyu ita ce a ɗaura sigina a jikin sandunan shokar gaba da zoben ƙarfe mai noti. Wannan ita ce mafita ga wanda ya cire robar gaba gaba ɗaya, ko ya sauya babbar fitila har ba sauran ramin da za a soka sigina. Tana da kyau ƙwarai idan an yi ta daidai, amma akwai abubuwa biyu da ake kuskure a kansu. Na farko, kaurin sandar shoka ya bambanta daga babur zuwa babur, saboda haka sai an auna kafin a sayi zoben. Wanda ya yi yawa ana cusa masa guntun tsohon tif, kuma cikin mako biyu zai fara juyawa. Na biyu, kuma shi ne mai haɗari, dole zoben ya zauna a ɓangaren sandar da ke tsakanin maɗauran sama da na ƙasa, inda ba ya nitsewa. Idan aka ɗaura shi ƙasa da nan, a inda shoka ke shiga tana fita, ranar da aka faɗa rami mai zurfi zoben zai daki bakin shokar ya fasa robar da ke tare mai. Tunda sandunan shoka na ƙananan babura kusa da juna suke, sai an haɗa da sigina mai ɗan dogon wuya kafin a kai tazarar da ake so. Bayan an ɗaura, a juya kai har ƙarshe dama da hagu a tabbatar ba ta taɓa tanki.

Hanya ta uku ita ce a mayar da sigina jikin sabon kan, ko dai da zobe ko a ƙarƙashin notin madubi. A nan kaurin ƙarfen ne ke magana: yawancin baburan da muke hawa kansu milimita 22 ne, manyan babura irin na Amurka inci ɗaya ne, wato milimita 25.4, akwai kuma wanda tsakiyarsa ke da kauri har milimita 28.6 sannan ya sirance a hannuwa. Fa'idar wannan wuri ita ce faɗi da tsayi, domin sigina tana zama nesa da babbar fitila kuma a daidai idon direban mota. Matsalarsa ita ce kan babur wuri ne mai cunkoso. Da madubi da makunni da hannun birki da na kuloci duk a nan suke, kuma mu a nan babbar riga muke sawa mu hau babur, ranar Juma'a musamman, hannun riga kuwa idan iska ta kaɗa shi yana iya rufe sigina ba tare da mai tuƙi ya sani ba. Wanda ke rataya leda ko jaka a kai shi ma haka. Idan kan mai tsayi ne sosai kuma, sai an ƙara tsawon waya, kuma kowane ƙari wuri ne da ruwa zai iya shiga. Na yarda da wannan hanya ga wanda siginarsa ta asali dama a kai take kuma sabon kan ya bar mata fili, amma ba zan ɗauko sigina daga ƙasa in kai ta can ba sai in babu wata dabara.

Akwai kuma wadda ake sokawa a ƙarshen ƙarfen kai, a bakin robar hannu, wadda kamfanonin Jamus irin su Kellermann da Motogadget suka yi suna wajen ƙera ta, kuma kwaikwayonta ya cika kasuwannin intanet. Babu wadda ta kai ta faɗi, kuma ana ganinta ta gaba da ta baya. Sai dai tana buƙatar ƙarfe mai rami a ciki, sai an huda shi domin waya ta fito, sai an yanke bakin robar hannu, kuma a ɓangaren totur idan ba a bar 'yar tazara ba tana iya riƙe totur ɗin ya ƙi komawa, wanda ba ƙaramin haɗari ba ne. Fiye da haka, ƙarshen kai shi ne wurin da ke fara taɓa ƙasa idan an faɗi, shi ke gugar jikin mota a cunkoson PZ, shi ake jinginawa da bango a zaure. Ga babur ɗin fita yawon ƙarshen mako tana iya yi, amma ga wanda ake nema da shi ko ake kai yara makaranta kullum, kuɗi ne za a riƙa zubarwa.

Madubi mai sigina a bayansa da siririn zaren fitila da ake naɗawa a jikin shoka ba zan daɗe a kansu ba. Madubin yana juyawa duk lokacin da aka gyara shi ko wani ya buge shi, siginar kuma ta bi shi ta kalli wani wuri. Zaren kuwa gam ne ke riƙe da shi, gam kuma ba ya jure zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu, sannan haskensa da rana rauni gare shi. A matsayin ƙari a kan sigina ta gaske babu laifi, amma kada ɗayansu ya zama shi kaɗai ne abin dogaro.

Idan an tsayar da wuri, sai maganar ƙwai, kuma a nan ne mutane suka fi rikicewa. Ƙwan da ya saba zuwa da ƙananan babura shi ne wanda aka rubuta 12V 10W a jikinsa, manya kuma sukan zo da mai wat 21. Sigina mai LED, wato ƙananan fitilun zamani marasa zare a ciki, wat ɗaya zuwa biyu kawai take ci. Wannan bambanci alheri ne ta wata fuska, domin ƙananan babura batirinsu ƙarami ne, kuma kowa ya san yadda siginar ƙwai ke dushewa ta yi sanyi idan an tsaya a mahaɗa inji yana silo, alhali a nan ne aka fi buƙatarta. LED ba ta damu da wannan sosai ba, tana kamawa nan take, kuma ba ta da siririn zaren da girgizar hanyoyin cikin unguwa ke tsinkewa. Ta ɗaya fuskar kuma, ƙwai idan ya mutu ana sauya shi a gefen titi cikin minti biyu, LED kuwa galibi a rufe take, in ta mutu sai a jefar da ita gaba ɗaya, kuma mai araha haskenta kan tafi gaba tsaye kamar tocila, wanda ke gefe bai ganinsa. Ga wanda ke hawa babur da mataccen batir yana tayar da shi da ƙafa, gara ya fara gyara batirin, domin wutar da ba ta daidaita ba tana gajarta ran LED.

Babbar matsalar ita ce filasha, wato ɗan akwatin da ke sa sigina kiftawa. Filashar asali an yi ta ne bisa nauyin wutar da ƙwayaye biyu ke ja, kuma sau da yawa za a ga an rubuta a jikinta wani abu kamar 10W×2+3.4W, ma'ana ƙwan gaba da na baya da ɗan ƙwan da ke nuna wa mai tuƙi a kan mita. Wanda ya sa LED a gaba kawai ya bar ƙwai a baya ya rage wannan nauyi da kusan rabi, saboda haka filasha za ta ɗauka ƙwai ɗaya ya mutu: wata ta riƙa kiftawa da sauri fiye da kima, wata kuma ta kama ta tsaya ƙyam ba kiftawa. Magani iri biyu ne. Ana iya haɗa rizisto a jikin kowace sigina domin ya ja wutar da ƙwan ke ja a da, wanda ga ƙwai mai wat 10 ya kama wajen om 15, amma rizisto zafi yake yi sosai, dole a ɗaure shi a jikin ƙarfe nesa da roba da tiyon mai, kuma ya cinye duk tsimin wutar da aka sayi LED dominsa. Abin da ya fi shi ne a sauya filashar da ta lantarki wadda ba ruwanta da nauyi. Yawancinsu ƙafa biyu gare su, ɗaya an rubuta B ta wajen batir, ɗaya L ta wajen fitilu, kuma aikin bai wuce cire tsohuwa a soka sabuwa ba. Abin da ake rasawa shi ne gargaɗin nan na saurin kiftawa idan fitila ta mutu, don haka sai mutum ya saba duba siginarsa da kansa kafin ya fita.

Wata matsala da ke ba masu wayarin wahala tana fitowa ne idan an sa LED gaba da baya a babur mai ƙwan nuni guda ɗaya a kan mita. Wannan ƙwai a tsakanin layin dama da na hagu aka haɗa shi, kuma 'yar wutar da ke ratsa shi ba ta isa ta kunna ƙwai mai wat 10 ba, amma ta isa ta kunna LED, sai a ga an sa siginar dama duka huɗun suna kiftawa. Ana gyara wannan da dayod biyu, wato 'yan na'urorin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, ɗaya daga kowane layi zuwa ƙwan nunin, ɗayar ƙafar ƙwan kuma a mayar da ita jikin ƙarfe. Na ga inda aka cire ƙwan nunin aka ce an gyara, kuma ban yarda da hakan ba, domin siginar yawancin babura ba ta kashe kanta, kuma wanda ya manta ta a kunne yana tafiya miƙe ya yaudari duk wanda ke jiran fitowa daga kwana.

Game da haɗa wayoyi, launi yana taimakawa amma ba a dogara da shi ido rufe. A tsarin Honda, wanda babura da yawa na ƙasar Sin suka kwaikwaya, ruwan lemo na hagu ne, shuɗi mai haske na dama, kore kuma shi ke komawa jikin ƙarfe. A Yamaha ruwan ƙasa mai duhu ne hagu, kore mai duhu dama, baƙi kuma na komawa. Babur ɗin da ya ratsa hannun masu gyara da yawa sai an gwada da fitilar gwaji. LED tana da wayar shigar wuta da ta komawa, in an juya wayoyinta ba za ta kama ba, kuma wadda ta zo da waya uku, ta ukun ta hasken da ke zama a kunne ce. Wannan hasken na dindindin, musamman fari ko shuɗi, ina ba da shawarar a bar shi ba a haɗa ba, domin yana rage bambancin da ido ke gani tsakanin kunnuwa da mutuwar sigina. A roƙi mai wayarin ya sa kan haɗi na ƙarfe ko ya like da dalma, kada ya murɗe waya da hannu ya naɗe da salatif, saboda ruwan watan Agusta yana shiga irin wannan haɗi ya sa tsatsa, kuma a bar wa wayar sarari yadda kai zai juya har ƙarshe ba ta ɗame ba.

Murfi kuwa ruwan lemo ya fi, ko fari garau mai ƙwai ruwan lemo a ciki. Baƙin murfi yana cin wani kaso na hasken tun kafin ya fito, kuma a cikin hazon Disamba da Janairu a kan hanyar Shika ko ta Ɗanmagaji, inda manyan motoci ke gudu, ba a son a rasa ko kaɗan. Alamar E a cikin da'ira da ake bugawa a jikin murfi tana nuna an gwada samfurin bisa ƙa'idar Turai, kuma lamba 11 kusa da ita na nufin siginar gaba ce ta babur, 12 kuma ta baya. Sai dai ana buga alamar a jabu ma, don haka a haɗa da duba kaurin waya, da robar da ke toshe inda wayar ta fito, da ko murfin ya zauna ba rata.

Idan aka tattara, mai hawa kullum a cikin gari, ko ɗan acaɓa, ya riƙe sigina mai girman ta asali da wuyan roba a gefen babbar fitila, da ƙwanta na wat 10, domin ita ce mai sauƙin gyara a ko'ina. Wanda batirinsa ke wahala ko yake yawan tafiyar dare zuwa Kaduna ko Funtuwa ya nemi LED mai faɗin murfi, ya sa ta gaba da baya lokaci guda, ya sauya filasha a ranar. Wanda ya rasa wurin ɗaurawa ya koma zoben shoka da dogon wuya. Kowacce aka zaɓa, kada a biya mai shago kuɗin ƙarshe ko a bar wurin mai gyara sai an fito da babur cikin rana tsaka, an kunna babbar fitila, mutum ya hau ya riƙe kai kamar yana tuƙi da irin rigar da ya saba sawa, wani kuma ya tsaya taku talatin a gaba, sannan ya matsa gefen dama da na hagu, ya faɗi wace sigina aka sa ba tare da an gaya masa ba. Idan ya yi jinkiri ko ya ce sai ya matso, a ƙara tazara ko a sauya siginar kafin a hau titi.